Amsoshin Tambayoyinku: Gurnanin 'Ya'yan Kyanwa, Lafiya ce ko Ciwo?

TAMBAYA: Malam, kyanwar gidanmu ce ta haihu a ɗakin ajiya, 'ya'ya huɗu, yanzu sun kai mako uku. Duk lokacin da suke shan nono, ko yara suka ɗauki ɗaya, sai a ji wata ƙara na fitowa daga ƙirjinsu kamar an tada ƙaramin janareta a gidan maƙwabta, har jikin na karkarwa. Surukata ta ce tasbihi suke yi, a ƙyale su. Maigida kuwa ya ce ciwon ƙirji ne irin na asma, a kwashe su a kai bayan gari tun ba su shafa wa yara ba. Wanda ya fi damuna shi ne ƙaramin cikinsu. Ya fi kowa yin wannan ƙara, amma ba ya kama nono yadda sauran ke yi, kullum yana kwance a gefe. Har na yi tunanin ɗiga masa farasitamol na ruwa da nake ba yara. Don Allah a yi mini bayani.

Wata mai karatu daga Zariya

AMSA: Bari in fara da ƙarshen wasiƙarki, don shi ne ba zai jira gobe ba. Kada ki ba shi farasitamol, ko ɗigo ɗaya. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani yadda tamu ke yi, shi ya sa abin da ke sauke wa ɗanki zazzaɓi yake zama guba a jikinta. Yana ɓata jini har ya kasa ɗaukar iskar da aka shaƙa, dasashi ya rine ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, hanta ta lalace. Ƙwaya ɗaya tak na iya kashe ƙaton muzuru, balle ɗan mako uku. Haka abin yake ga sauran magungunan ciwon jiki na mutane: in ba likitan dabbobi ne ya rubuta ba, a bar su a cikin durowa.

Sai ƙarar da kike ji. Gurnani ne, kuma kusan kowace kyanwa na yin sa tun tana 'yar kwanaki. Ba asma ba ce, ba kuma abin da ake ɗauka ba ne. Tsoron maigida tsoron uba ne, ba za a ga laifinsa ba, amma a nan bai canka daidai ba. Maganar tasbihi kuwa ta malamai ce, ba zan shiga gonarsu ba. Ni abin da ke faruwa a maƙogwaro zan faɗa miki. Sai dai kada ki yi saurin sakin jiki. Gurnani ba ciwo ba ne, amma kuma ba ya zama shaidar lafiya. Kyanwa na yin sa tana cikin jin daɗi, tana yin sa tana cikin azaba. Su ukun da ke danne juna a kan nono, nasu na ƙoshi ne. Ƙaramin da ke kwance a gefe, shi ne abin dubawa, kuma zan dawo kansa.

Ki sa yatsa a hankali ƙarƙashin haɓar ɗayansu sa'ad da yake yi. A nan za ki ji karkarwar ta fi ƙarfi; ƙirji amsa kuwwa kawai yake yi. A cikin maƙogwaro akwai wasu tantani biyu da iska ke ratsawa ta tsakaninsu, su ke ba da murya, a wurinmu da wurin kyanwa duka. Yayin gurnani, 'yar ƙofar da ke tsakanin tantanin nan tana buɗewa tana rufewa wajen sau 25 zuwa 30 a daƙiƙa ɗaya, tana yayyanka iskar da ke wucewa. Ana yin sa baki a rufe, kuma ba ya yankewa: iska na shiga ana yi, tana fita ana yi. Mu sai muna fitar da numfashi muke iya magana, ita ma kyanwar sai tana fitarwa take kukan miyau, amma gurnani ta kowane ɓangare yake tafiya, shi ya sa take iya ɗaukar mintoci tana yi ba gajiya.

An daɗe ana ja-in-ja a kan yadda dabba 'yar ƙarama haka ke fitar da sauti mai kauri irin wannan, don a ƙa'ida manyan dabbobi ne masu kaurin murya. A shekarun 1960 har an taɓa cewa ƙarar jini ce a cikin babbar jijiyar da ke komawa zuciya, maganar da aka yi watsi da ita daga baya. A 1972 wasu masana biyu, Remmers da Gautier, suka auna motsin tsokokin maƙogwaron kyanwa, suka ga suna tsukewa suna saki daidai da bugun gurnanin, bisa umarnin da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa. Bayaninsu ne ya zauna a littattafai shekara hamsin. Sai a 2023 Christian Herbst da abokan aikinsa a Viyana, babban birnin Ostiriya, suka zo da wani abin mamaki. Sun ɗauki maƙogwaron kyanwoyi takwas da suka riga suka mutu, suka hura musu iska mai ɗumi da laima, sai ga dukkansu suna fitar da sautin nan na sau 25 zuwa 30 a daƙiƙa, ba ƙwaƙwalwa, ba tsoka mai motsi. Da suka duba, suka tarar da wani ɗan curin nama mai kaurin da ya kai milimita 4 a jikin tantanin muryar, wanda ke ƙara masa nauyi har ya riƙa kaɗawa a hankali. Wannan bai rushe tsohon bayani gaba ɗaya ba, amma ya nuna an ƙera maƙogwaron kyanwa ne ta yadda gurnani ba ya cin ƙarfinta sosai. Ki riƙe wannan, don yana da amfani a maganar ƙaraminku: ɗan kyanwar da ba shi da ƙarfin kama nono yana iya samun ƙarfin gurnani.

To me ya sa suke farawa da wuri haka? 'Ya'yan kyanwa ana haifarsu ido a rufe, kunne a toshe. Ido kan buɗe tsakanin kwana 7 zuwa 10, wani lokaci har mako biyu. Ji ma sai wajen mako biyu yake kankama. Kafin nan abin da suka sani a duniya shi ne ɗumi, da ƙamshin uwa, da abin da fata ta ji. Uwa ta kwanta ta gefe ta fara gurnani, su kuma su ji karkarwar a jikinsu su rarrafo. Cikin 'yan kwanaki su ma sun fara mayar mata. Dubi hikimar abin: wanda nono ke bakinsa ba shi da halin kuka, amma yana da halin gurnani, yana tsotso yana yi, yana tausa cikin uwar da ƙafafun gaba don nono ya sauko. Masana halayyar dabbobi na ganin saƙo ne ga uwa cewa ana samu, ta ci gaba da kwanciya. Sautin kuma ba ya zuwa nesa, ba zai kira kare ko wani abin da ke neman nama zuwa makwancin ba, saɓanin kuka mai tsini da suke yi idan sanyi ko yunwa ta kama su.

Idan suka girma ba sa barin ɗabi'ar, wurin da suke kai ta ne ke sauyawa. Wanda ke ba su abinci ya maye gurbin uwa. A 2009 Karen McComb ta Jami'ar Sussex a Ingila ta naɗi gurnanin kyanwoyi goma, a lokacin da suke neman abinci da lokacin da suke hutawa, ta kunna wa mutum hamsin. Har waɗanda ba su taɓa kiwon kyanwa ba sun ce na neman abincin ya fi tada hankali, ya fi rashin daɗin ji. Da aka warware sautin a na'ura, sai aka ga a cikin kaurin gurnanin an cusa wani siririn kuka mai kaɗawa sau 220 zuwa 520 a daƙiƙa, wanda ya yi kusa da kukan jaririn mutum. Duk matar da kyanwa ta taɓa bi har madafa da sassafe tana goga mata jiki a ƙafa ta san wannan muryar, ko da ba ta san lissafinta ba.

Ga kuma ɗaya fuskar, wadda mutane ba su cika sani ba. Kyanwa na gurnani tana naƙuda. Tana yi bayan mota ta buge ta. Tana yi a kan teburin likita jikinta na ɓari don tsoro, kuma likitocin dabbobi sun sha ganin wadda ke yi har numfashinta na ƙarshe. Wasu na cewa kanta take lallashi, wasu na cewa taimako take roƙo. Ni dai fassarar da ta fi kwanta mini ita ce wadda ta haɗa duka wuraren nan: ma'anar gurnani ta fi kusa da “tsaya tare da ni” a kan “ina jin daɗi”. Mai ƙoshi a jikin uwa na iya faɗin haka, mai ciwo ma na iya faɗi. Don haka ba a yanke hukunci da kunne kaɗai, sai an haɗa da ido.

Za ki kuma ci karo da masu cewa gurnanin kyanwa na ɗora karaya, yana warkar da rauni, har ma wai yana maganin hawan jinin mai ita. Tushen zancen wata takarda ce da Elizabeth von Muggenthaler ta gabatar a wani taron masana sauti a Amurka a 2001, inda ta nuna cewa saurin kaɗawar gurnani ya zo daidai da wanda ake gwadawa a kan ƙashi don ya yi ƙwari. Hasashe ne mai jan hankali, amma hasashe ne. Dacewar lambobi biyu ba ta isa hujja ba. Matsalar ita ce a Facebook da WhatsApp an cire “wataƙila” an bar sauran, har wani ya ga kyanwarsa na ɗingishi tana gurnani ya ce ai tana yi wa kanta magani. Ba ta yi. Likita take bukata.

Yanzu ga ƙaraminku. Ɗan mako uku da ya ware daga 'yan'uwansa, ba ya kama nono, yana cikin haɗari, ko yana gurnani ko ba ya yi. Abu uku ke saurin kashe su a waɗannan makonni, kuma suna jan juna: sanyi, da faɗuwar sukari a jini, da ƙarewar ruwa a jiki. Har su kai wajen mako huɗu ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu da kansu, shi ya sa kike ganinsu a cure wuri ɗaya. Wanda ya fita daga curin zai huce, in ya huce ba zai iya tsotso ba, in bai tsotsa ba ya ƙara hucewa. Sau da yawa uwar ma takan daina kula wanda jikinsa ya yi sanyi. Simintin ɗakin ajiya, musamman da asuba ko lokacin hunturu, ya isa ya jawo wannan.

Ki taɓa tafin ƙafarsa da kunnensa da cikin bakinsa. In kin ji sanyi, ɗumama shi ne farko, kafin komai ya shiga cikinsa, don cikin da ya huce ba ya narkar da abinci. Ki zuba ruwan ɗumi a gorar roba, ki naɗe ta da tsumma, ki ajiye shi a gefenta cikin kwali, ki bar masa wurin matsawa in zafi ya yi yawa. Ko ki sa shi a jikinki cikin zane. A hankali ake yi, ba a kai shi bakin murhu. In ya yi laushi ƙwarai, ki shafa masa ɗan ruwan sukari ko zuma a dasashi da yatsa, ba ɗura ba. Idan ya ɗumama ya fara motsi, ki janye manyan na ɗan lokaci ki ɗora shi a kan nonon uwar shi kaɗai. In ya ƙi kamawa, akwai madarar da ake yi musamman don 'ya'yan kyanwa a shagunan magungunan dabbobi. Nonon shanu da madarar shayi gudawa suke sa su, gudawa kuwa ga mai wannan girman ba ta ɗaukar lokaci. In za ki ba shi, yana kife a kan cikinsa yadda yake shan na uwa, ɗigo-ɗigo. Kada ki kwantar da shi rigingine, madarar za ta bi ta huhu.

Sikeli ya fi kunne faɗin gaskiya. Ɗan kyanwa na zuwa duniya da nauyin wajen giram 100, kuma mai lafiya yana ƙara giram 10 zuwa 15 kullum, wato kusan giram 100 a mako. A mako uku ana sa ran ya haura giram 300. In kina da ƙaramin sikelin awon fulawa, ki auna su duka huɗun kowace safiya ki rubuta. Wanda ya kwana biyu bai ƙaru ba, ko ya ragu, ba shi da lafiya, kome daɗin gurnaninsa. Ki ɗaga leɓensa ki duba dasashi: na mai lafiya ja-ja ne mai damshi. In ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa, kuma a nan ƙuma ce kan gaba wajen zargi, sai tsutsar ciki. Ki buɗa gashin wuyansa da gindin wutsiya ki duba. In kin ga ƙuma, ki tsince ta da mataji mai ƙananan haƙora ki sauya shimfiɗa. Kada a fesa fiya-fiya ko maganin sauro a ɗakin, kada kuma a shafa musu maganin ƙumar karnuka, don da yawansu na ɗauke da sinadarin fametirin, wanda ke sa kyanwa farfaɗiya har ta mutu.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma abin ya tabbata har ga kyanwa, dabbar da ta iya ɓoye ciwo. A 2019 masana a Jami'ar Montreal ta Kanada suka fitar da wani ma'auni na gane zafin ciwo daga fuskarta. Wadda ke cikin jin daɗi kunnuwanta na tsaye suna fuskantar gaba, gashin bakinta a sake, kanta a ɗage. Mai ciwo kunnuwanta na bajewa gefe, ido a tsuke, baki a ɗaure, gashin baki ya miƙe, kai ya sunkuya ƙasa da kafaɗa. An tsara shi ne a kan manyan kyanwoyi, amma zai yi miki amfani wajen lura da uwar, da su ma in sun tasa.

Akwai kuma inda zargin maigida zai iya zama gaskiya, don akwai ƙarar ƙirji ta ciwo, kuma ya kamata ki iya raba ta da gurnani. Gurnani na da kunnawa da kashewa: ki tafa hannu ko ki ja hankalinsa da wani abu, zai tsaya, can ya ci gaba. Ƙarar ciwo ba ta tsayawa, tana nan ko yana barci mai nauyi, kuma takan zo da rakiya: atishawa, majina, kwantsa mai manne ido, ko wani fito-fito a numfashi. Murar kyanwa ta yi yawa a tsakanin ƙanana, kuma wanda hancinsa ya toshe ba ya jin ƙamshin nono, sai ya daina sha. Wannan ma na iya zama abin da ke damun naku. Ki ƙirga numfashinsa yana barci ba ya gurnani, tashin ciki da saukarsa ɗaya ke nan. In yana wuce 40 a minti a kai a kai, a nemi likita. In kuwa kin ga yana numfashi baki a buɗe, ko cikinsa na bugawa da ƙarfi, ko ya miƙe wuya yana neman iska, wannan ba a kwana da shi. Kare na haki don zafi, ba komai. Kyanwa in tana haki tana kwance, akwai magana.

Ki kwantar wa maigida da hankali a kan yara. Asma ba a ɗaukarta daga mutum ma, balle daga kyanwa, kuma ƙwayoyin cutar da suka fi kawo murar kyanwa ba sa kama mutane. Abin da ke akwai shi ne wasu mutane jikinsu ba ya jituwa da wani sinadari da ke cikin yawun kyanwa da fatarta, wanda take shafe gashinta da shi in tana lasar jiki. Yaron da dama yana da asma, in aka lura tana tashi ko yana atishawa da ƙaiƙayin ido duk sa'ad da ya taɓa su, sai a nisanta shi da su, a hana su shiga ɗakin kwanansa. Abubuwan da ke iya tsallakowa da gaske su ne makero, da tsutsar ciki ta hanyar kashinsu, da ciwon haukan kare ta cizo ko yaƙushi. Maganinsu wanke hannu da sabulu bayan wasa, da kwashe kashi kullum, wanda bai kamata mai juna biyu ta yi ba, da kuma rigakafi. Yaran ma a rage musu yawan ɗauka a yanzu, musamman ƙaramin. Kai su bayan gari a mako uku kuwa kisa ne, don sai a mako huɗu suke fara lasar abinci, yaye kuma sai wajen mako takwas. In za a bayar da su, a bari su wuce nan.

Kin yi sa'a kina Zariya, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ki kai ƙaramin yau ko gobe da safe, cikin kwali da gorar ɗuminsa, in da hali a tafi da uwar da sauran, don abin da ya kama ɗaya sau da yawa yana jikin duka. A can za a auna su a ba su maganin tsutsa daidai nauyinsu, wanda dama a wannan makon ake farawa, a kuma sa muku ranar rigakafi: na farko a mako 8 zuwa 9, na haukan kare daga mako 12. Ki gaya wa likitan yaushe rabonsa da nono, ko yana gudawa, da abin da sikeli ya nuna in kin samu aunawa. In kin ga ya ɗora abin sauraron ƙirji ya ɗan yamutsa fuska, sannan ya je ya buɗe famfo ya bar ruwa na zuba, kada ki yi mamaki. Gurnanin ne ya hana shi jin bugun zuciya, ƙarar ruwa kuwa takan sa yawancin kyanwoyi su yi shiru na ɗan lokacin da yake bukata.